Ƙwallon kwando a matsayin sana'ar 'ya mace: tambayoyin da ake yawan yi mini a Kaduna

Na buga ƙwallon kwando a gasar cikin gida na wasu shekaru kafin gwiwa ta zaunar da ni, yanzu kuma 'yan mata nake horarwa a nan Kaduna. Wasu daga cikin tambayoyin nan yaran ne ke yi mini bayan atisaye muna kwance igiyar takalmi, wasu kuma iyaye ne ke tare ni da su a bakin fili, ko a gidan suna da zarar an ce “ga kocin su wance”. Baki ya gaji da maimaici, shi ya sa na zuba su wuri guda.

Wai da gaske mace za ta iya cin abinci da ƙwallon kwando?

Za ta iya, amma ƙofar ba ta da faɗi. Hawa uku ne: gasar cikin gida, sai ƙungiyoyin ƙasashen waje kamar na Sifaniya da Faransa da Turkiyya, sai WNBA, gasar ƙwararrun mata ta Amurka, a can ƙololuwa. Kuɗin da za a kira albashi na riƙe gida daga hawa na biyu yake farawa.

Wadda nake yi wa yarana misali da ita ita ce Murjanatu Musa. A gida ta taso, ta buga wa Air Warriors ta Abuja suka ɗauki kofin gasar mata ta ƙasa a 2019, kuma ita aka zaɓa gwarzuwar gasar. Daga nan ta wuce Celta a Sifaniya, sai Tarbes a Faransa, a 2025 kuma ta sa rigar Phoenix Mercury a WNBA. Sai dai a cikinmu da muka fara tare a zamanina, waɗanda wasan ya ciyar kai tsaye ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Mu sauran abin da ya samo mana shi ne gurbin karatu, ko aikin ɗamara, ko koyarwa, kuma ni ban raina wannan ba.

Shekara nawa ya kamata yarinya ta fara? Dole sai doguwa?

Tsakanin shekara 9 zuwa 12 hannu ya fi saurin sabawa da ƙwallo, amma wadda ta makara kada ta karaya. Evelyn Akhator sai da ta shiga sakandare a Legas ta fara, a 2017 kuma ita Dallas Wings ta ɗauka ta uku a zaɓen sababbin 'yan wasan WNBA.

Tsawo jari ne, babu musu. Kwandon yana sama da ƙasa da mita 3.05, daidai da na maza, ƙwallon ce kawai ta ɗan fi ƙanƙanta, lamba 6. Amma Ezinne Kalu mita 1.73 gare ta, kuma ita ce gwarzuwar gasar Afirka ta 2019. Gajeriya dole ta iya sarrafa ƙwallo da hannu biyu, ta iya jifa daga bayan layin maki uku, mita 6.75 daga kwando, ta kuma ga fili kafin kowa ya gani. Doguwa kuwa aikina na farko da ita shi ne in miƙar da bayanta. Yawancinsu suna zuwa mini a ranƙwafe, saboda tun firamare ake ce musu falwaya a unguwa. Wata sai ta yi wata uku tana zuwa fili kafin ta yarda ta tsaya da tsawon da Allah Ya ba ta.

A ina ake farawa a nan Kaduna, kuma me za a saya?

A makaranta. In makarantarku tana da fili da malamin wasanni mai kishi, ki matsa ku shiga gasar Milo ta makarantun sakandare, domin nan ne masu farautar 'yan wasa suka fi zuba ido. Bayan nan sai zauren wasanni na filin Ahmadu Bello, da filayen barikoki da na manyan makarantu. Kada Angels ita ce ƙungiyar matan da ta saba ɗaukar sunan Kaduna a gasar ƙasa.

Kada a manta da Zariya. Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana ƙyanƙyasar 'yan wasa, musamman ta hannun Oliver Johnson, Ba'amurken da kowa ke kira Koci OBJ. A hannunsa Masai Ujiri ya koyi wasan yana yaro a Zariya, mutumin da ya shugabanci Toronto Raptors har ta ci kofin NBA a 2019. Saboda haka in an ce miki wannan wasan 'yan Kudu ne, ki ce su tambayi Zazzagawa.

Kaya kuwa, takalmi ne kan gaba. Ba sai sabo ba, kambas na gwanjo a Kasuwar Barci ya isa a fara. Ki juya shi ki duba ƙasansa, in zanen ya shafe ki ajiye komai kyawun samansa, don filin siminti da ƙurar hunturu ta kwanta a kai santsi yake kamar an zuba karkashi.

Ina sa hijabi. Za a bar ni in yi wasa da shi?

Za a bar ki. A da dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta hana rufe kai, har tawagar matan Katar ta fice daga wasannin Asiya na 2014 a kan haka, kuma wata Musulma Ba'amurkiya, Bilqis Abdul-Qaadir, ta haƙura da tafiya wasa Turai ta koma fafutukar a sauya dokar. A watan Mayu na 2017 FIBA ta amince, dokar ta fara aiki a Oktoba na shekarar. Sharaɗin shi ne kada abin ya rufe fuska, kada ya zama da fil ko maɓalli ko wani abin da zai ji wa wata ciwo, launinsa kuma ya dace da kayan ƙungiya. Doguwar riga ta ciki da dogon wando mai kama jiki a ƙarƙashin gajeren su ma an yarda da su.

Abu ɗaya za ki bincika in tafiya waje ta taso: Faransa tana da nata tsaurin a kan alamun addini a wasanninta na cikin gida, don haka a yi wannan maganar kafin sa hannu a kwantiragi.

Babana ya ce a'a. Yaya zan yi?

Kada ki saci jiki ki zo. Yarinyar da ke cewa ta tafi islamiyya ko gidan yayarta alhali tana fili, ranar da asiri ya tonu ba ita kaɗai za a rufe wa ƙofa ba, har ƙannenta da 'yan layinsu. Ni ba na karɓar yarinya sai na ji daga bakin wani babba na gidansu.

Sau da yawa ba wasan ne uba yake ƙi ba. Akwai wani dattijo daga Tudun Wada da na roƙa ya zo ya gani da idonsa. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a benci da carbinsa, bai ce uffan ba har muka tashi. Na je na durƙusa na gaishe shi, sai ya ce, “Malama, abu uku zan tambaye ki. Wa zai kawo ta, wa zai mayar da ita kafin magariba, in kuma kun yi tafiya a ina za ta kwana, da wa?” Na ce, “Baba, yayanta ya riƙa kawo ta, ni zan sa ta a Keke da hannuna, tafiya kuwa ɗakina ɗaya da ita.” Ya yi shiru, sannan ya ce a gwada zango ɗaya, in sakamakon jarrabawarta ya sauka an gama magana. Bai sauka ba.

Tambayoyin Baba su ne ya kamata kowane uba ya yi, ko da kocin malamin unguwa ne. Duk tawagar 'yan mata da za ta yi tafiya ba tare da babbar mace mai kula da su ba, kada a ba da 'ya. In kuma an yi duk wannan uba ya tsaya a kan a'a, to a'a ce. A sa kawu ko gwaggo su sake gwadawa bayan wani lokaci.

Yaya gasar cikin gida take? Ana biyan albashi?

Babbar gasar mata ita ce wadda bankin Zenith ke ɗaukar nauyi tun 2005 a ƙarƙashin NBBF, hukumar ƙwallon kwando ta Najeriya. Ana raba ƙungiyoyi shiyya biyu, Savannah ta Arewa da Atlantic ta Kudu, waɗanda suka yi fice su haɗu a zagayen ƙarshe. First Bank ce ta fi kowa tara kofuna, ga kuma irin su Dolphins da MFM da ƙungiyar Kwastam. Matsalar ita ce ba kowane mako ake wasa ba, a dunƙule ake yi, kwanaki kaɗan a gari ɗaya, sai a watse. 'Yar wasa za ta yi wata da watanni tana atisaye don wasannin da ba su taka kara sun karya ba.

Biya kuwa ya danganta da mai ƙungiyar. Ta banki ko ta coci mai ƙarfi tana biya duk wata, ta hukumar ɗamara takan kai mutum ga aikin dindindin, wasu kuma alawus ne kawai lokacin gasa. Ni akwai ƙungiyar da har yau tana riƙe da alawus ɗina na kaka guda. Da baki muka yi magana da mai ita, na ce ai babba ne, kunya ta hana ni neman takarda. Ko uban ɗakinki ne, a rubuta: nawa, yaushe, wa zai biya asibiti in an ji ciwo. Dalilin wannan na ƙarshen yana cikin amsar da na bayar kan rauni.

Karatu ko ƙwallo, wanne zan sa a gaba?

Wannan tambaya ita ce ta fi ba ni haushi, domin hanya mafi faɗi zuwa ƙwarewa ta cikin aji ta bi. Jami'o'in Amurka suna ɗaukar 'yar wasa su biya mata kuɗin makaranta da masauki da abinci, ta buga musu gasar jami'o'i ta NCAA, amma sai sun ga sakamakonta tun daga aji uku na ƙaramar sakandare har WAEC, kuma Turancinta ya zauna. Wadda takardunta ba su kai ba takan fara da kwalejin shekara biyu. Haka Akhator ta yi, daga Chipola ta koma Jami'ar Kentucky. A gida ma jami'o'i suna neman 'yan wasa saboda NUGA, gasar wasannin jami'o'in Najeriya.

Ki riƙa tara bidiyon wasanninki. Ba guntayen da kika jefa ta shiga kawai ba, cikakken wasa, a kafa waya a wuri mai tsayi. Koci yana son ganin abin da kike yi lokacin da ƙwallo ba ta hannunki, da yadda kike komawa tsaron kwandonku bayan ƙwallo ta kuɓuce miki.

An ce in rage shekaruna don in shiga tawagar matasa. Laifi ne?

Laifi ne, kuma tarko ne. Yanzu ranar haihuwa tana kan NIN, tana kan fasfo, tana kan rajistar WAEC. Ranar da makarantar waje ko ofishin biza suka jera su suka ga sun saɓa, an gama, kuma babu mai tuna kocin da ya ba ki shawarar. Na san wadda gurbin karatu ya kuɓuce mata a kan shekara biyu da aka zaftare mata tana aji ɗaya. Ki duba tun yanzu ko sunanki ma iri ɗaya aka rubuta a ko'ina, domin Hauwa a nan, Hauwa'u a can, ya isa ya jawo watanni ana zirga-zirga.

Wani ya ce zai kai ni Turai in na biya kuɗin biza da tikiti. In yarda?

Kada ki ba shi ko sisi. Ƙungiyar da ke son ki ita ke aiko da takardar gayyata da kwantiragi, ita ke sayen tikiti. Ejan, wato wakilin 'yar wasa, na gaskiya yana da lasisin FIBA, ana iya duba sunansa a shafinsu na intanet, kuma kasonsa daga kwantiragin yake fita, bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Sannan ba a sauya ƙasa sai da takardar sallama daga hukumar ƙasar da kika baro, kuma FIBA ba ta yarda a ƙetare da wadda ba ta kai shekara 18 ba sai da dalili na musamman. Duk wanda ya ce zai fitar da 'yar shekara 15 zuwa kulob a asirce, a kira shi da sunansa, mai safarar mutane.

In kwantiragin gaske ya zo, a ba lauya ya karanta. A tabbatar akwai gida, inshorar lafiya, tikitin dawowa, da sharaɗin kai ƙara kotun sasanci ta BAT in ƙungiya ta hana albashi. Fasfonki kuma ya zauna a jakarki, ba a ofishin kowa ba.

Nawa ake samu a WNBA? Me ya sa taurarinta ke tafiya wasu ƙasashe?

An fara gasar a 1997. A kakar 2025 ƙungiyoyi 13 ne, kowace da 'yan wasa 12 in ta cika, wato duniya kaf kujerun ba su kai 160 ba. A waccan kakar mafi ƙarancin albashi ya ɗan haura dala 66,000 a shekara, mafi yawa kuma kusan dala 250,000. Caitlin Clark, duk da cika zaurukan da take yi, dala 76,535 ne albashinta na shekarar farko a 2024, tallace-tallace ne suka yi mata arziki. In an juya zuwa naira kai zai yi nauyi, amma a cire haraji da kason ejan, a kuma tuna sana'ar ba ta da tsawon rai.

Kakar takan fara a Mayu ta ƙare wajen Oktoba, lokacin da Turai ke buɗe tata, shi ya sa da yawa ke buga biyu a shekara ba hutu. Neman wannan ƙarin ne ya riƙa kai Brittney Griner Rasha, inda aka kama ta a Fabrairun 2022, ba a sake ta ba sai Disamba. 'Yar ƙasar waje tana iya shiga zaɓen WNBA a shekarar da za ta cika 20.

Yaya ake shiga D'Tigress, tawagar mata ta Najeriya? Na ga kamar duk 'yan waje ne.

Kin gani daidai, yawancinsu a Amurka aka haife su ko can suka yi karatu, don can ne ake wasa duk mako. 'Yar gida tana shiga ne ta gasar Zenith ko tawagar matasa, a gayyace ta sansani, ta ƙwaci kujera. Murjanatu ta nan ta bi.

Tawagar ta cancanci a yi mafarkinta. Ta ci kofin Afirka a 2003 da 2005, sannan sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, na ƙarshen a Abijan inda ta doke Mali 78 da 64. A gasar Olamfik ta Faris a 2024 ta doke Ostireliya da Kanada, ta zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, kafin Amurka ta tsayar da ita 88 da 74. Mace ce ta jagorance su, Rena Wakama. Bayan kofin 2025 Shugaba Tinubu ya sanar da kyautar kwatankwacin dala 100,000 da gida da lambar girma ga kowace 'yar wasa.

Amma rigar ƙasa ba albashi ba ce. A 2021 'yan wasan sai da suka fito a bidiyo suna neman haƙƙoƙinsu da aka riƙe. A Mayun 2022 kuma gwamnati ta janye Najeriya daga wasannin duniya saboda rikicin shugabancin hukumar. An janye matakin bayan 'yan makonni, amma gurbin gasar cin kofin duniya da suka yi gumi suka samu ya riga ya koma hannun Mali.

Azumi fa?

Muna mayar da atisaye mai nauyi bayan buɗa-baki ko dab da shi, da rana a tsaya ga jifa. Hakeem Olajuwon yana azumi aka zaɓe shi gwarzon wata na NBA a Fabrairun 1995, amma shi yana da likitoci a gefe. Ke ki sha ruwa sosai tsakanin magariba da sahur, kada sahur ɗin ya zama shayi da burodi kawai. Hukuncin ajiye azumi a tafiyar gasa kuwa na malamai ne, ba na koci ba.

Wane rauni ne ya fi kashe sana'a?

Tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL. Ta fi samun mata fiye da maza, kuma yawanci babu wanda ya taɓa ki, dira ce ko juyi. Tawa haka ta faru: na sauko daga tsalle, na ji ƙas kamar an karya kara, kafin dare gwiwa ta yi suntum. Aka kai ni wurin mai ɗori ya yi ta murza, bayan sati uku na koma fili saboda tsoron kada a ba wata lambata. Ɗori yana da wurinsa, amma jijiyar da ta tsinke a cikin gaɓa ba ta haɗuwa da murza. Da aka yi hoton MRI daga baya, guringuntsin ma ya tafi.

Wadda aka yi wa tiyata a kan lokaci takan ɗauki wata 9 zuwa 12 kafin ta dawo, kuma da yawa suna dawowa. Rigakafin ba ya cin kuɗi: ƙarfafa cinya da ƙugu, da koyon dira da gwiwa a lanƙwashe tana kallon yatsun ƙafa, kada ta faɗa ciki. Minti goma sha biyar ɗin farko na atisayena kullum wannan ne, yaran suna gunaguni ina yi kamar ban ji ba.

Aure da haihuwa suna kawo ƙarshen wasa?

A jiki, a'a. Sheryl Swoopes ta haihu a Yunin 1997 ta dawo fili bayan kimanin sati shida, Candace Parker ta haihu a 2009 ta ci kofin WNBA har sau uku bayan nan. Yarjejeniyar 2020 ta ba 'yan WNBA cikakken albashi lokacin hutun haihuwa. A gida kuwa babu wanda zai ba ki wannan sai in yana cikin takardarki.

A nan Kaduna abin da ke yanke hukunci shi ne maganar da aka yi kafin a kawo lefe. Saurayin da ke zuwa kallon wasanki yana tafi, ba lallai ne ya yarda matarsa ta kwana Legas sati biyu ba. Ki tambaye shi a gaban manya, ki kuma ji ta bakin uwarsa.

In ƙafa ta gaji, sai me?

Yawancin mata suna ajiye takalmi tsakanin shekara 30 zuwa 35, wadda rauni ya riska kuma tun kafin nan. Akwai horarwa, akwai alƙalanci, akwai teburin ƙidayar maki da agogon daƙiƙa 24, duka suna da kwas da takardar shaida, kuma mata sun yi ƙaranci a cikinsu a Arewa. Wadda ta karanta ilimin motsa jiki makarantu masu zaman kansu suna neman ta, mai sha'awar asibiti kuma ga fannin gashin ƙashi. Kwas ɗin alƙalanci ba sai an daina wasa ake yin sa ba. Biyu daga cikin manyan yarana sun riga sun fara, ranar Asabar su ke hura mana usur a wasan ƙanana, kuma har ni sukan yi wa gargaɗi in na tsallake layi ina ihu.